Michiyo ta Asibitin Oikawa

A garin Nukabe duk wanda ya taɓa kiwon kare ko kyanwa ya san Michiyo Nagakura. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, bayan hannuwanta duk tabon yagi ne da na cizo. Shekara talatin da bakwai ta yi tana aiki a asibitin dabbobi na Likita Oikawa, wanda ke bayan tashar jirgin ƙasa, daura da shagon mai awara.

A wani ƙauye can kan tudu aka haife ta, inda dusar ƙanƙara kan toshe ƙofar gida wata huɗu a shekara. Ubanta yana da shanun madara takwas, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take tatsa. A garke ba wanda ya fi ta. A makaranta kuwa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Haruffa ba sa tsaya mata wuri ɗaya, da ta ƙura wa layi ido sai ya fara rawa, wannan ya shige cikin wancan. Tana iya karantawa, amma da yatsa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa, kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Malamai suka ce daƙiƙiya ce, ita ma ta yarda. Sai ta koyi ɓoyewa. Ta haddace duk abin da aka karanta a gabanta, ta riƙa gane abu da launinsa da siffarsa, in kuwa aka miƙo mata takarda ba zato sai ta ce ta bar tabarau a gida. Da ƙyar ta gama ƙaramar sakandare ta koma wajen shanu.

A nan Likita Oikawa ya fara ganinta. Lokacin yana saurayi, yana yawon ƙauyuka da jakarsa. Wata saniyarsu ta haihu ta kwanta ta kasa tashi, aka kira shi. Sanyi ya sandarar masa da yatsu, ya soka allura a wuyan saniya sau uku bai dace da jijiya ba. Michiyo, wadda ke riƙe da kan saniyar, ta danna babban yatsanta a wani wuri ta ce, "Nan, Likita."

Ya soka, jini ya biyo allura. Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Ba kowa. Ai ga ta nan tana motsi."

Ya ce, "Ni da na share shekara shida a jami'a ban gan ta ba."

Ta ce, "Ba gani ake ba, Likita. Ji ake."

Bai manta da ita ba. Shekarar da ubanta ya sayar da shanun saboda bayansa ya lalace, Likita ya aiko a ce mata yana neman mai taya shi. Tana da shekara ashirin da biyu ta sauko gari da akwatinta ɗaya.

Da shara ta fara, da wanke keji da kwashe kashi. Daga baya ta koma riƙe dabba in za a yi allura, kafin shekara biyar kuma ba abin da ba ta yi banda yanka da faɗin cuta. Ita ke ɗibar jini, ita ke sa ƙarin ruwa, ita ke zaman gadin wadda aka yi wa aiki har ta farfaɗo. Kare mafi cizo in ta sa masa hannu a ƙirji sai ya lafa. Kyanwar da ta bushe ta koma kamar tsumma, wadda jijiyarta ba ta fi zare ba, Likita kan ja da baya ya ce, "Michi, zo ki yi abin naki."

Tun a shekarar farko ya gano ba ta iya karatu sosai ba, bai kuwa taɓa furta shi ba. Kawai wata safiya ta zo ta tarar ya liƙa wa kwalaben magani ƙyallaye masu launi, ja da kore da rawaya, yana gunaguni wai idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Duk wani rubuce-rubuce shi ke yi, kantar karɓar baƙi da miƙa magani kuwa matarsa ce a kai. Haka su biyu suka riƙe maganar, ko matar ba ta sani ba.

Michiyo ba ta yi aure ba. An nema sau biyu, ta ce aiki ya yi mata yawa. Da ubanta ya rasu ta ɗauko uwarta suka kama ɗaki biyu a bayan kasuwa. Ita ta yi goyon Sanae, 'yar Likita guda ɗaya, tana wanke keji da yarinyar a bayanta. Sanae ta tashi tana ce mata Gwaggo.

A duk shekarun nan ba wanda ya tambaye ta takarda. Akwai dai ƙungiyoyi masu ba da shaidar jinyar dabbobi, wanda ya so ya nema, wanda bai so ba ya bari. Da wata ƙungiya ta ce za ta ba waɗanda suka daɗe a aikin, Likita ya cike takardun da hannunsa, shaida ta zo, ya sa ta a firam ya rataye a bango. Michiyo ta ji daɗi, amma ba abin da ya canja.

Abubuwa sun fara juyawa tana da shekara hamsin da 'yan kai. Matar Likita ta rasu. Bayan shekara biyu shi kuma ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Sanae, wadda ta zama likitar dabbobi tana aiki a birnin Sendai, ta dawo ta karɓi asibitin. Ta zo da kwamfuta, ta zubar da tsoffin kwalabe masu ƙyalle, ta jera sababbi. Michiyo ta yi sati biyu tana haddace mazaunin kowane magani a kan kantar magunguna, layi na nawa, na nawa daga hagu.

Sai ga doka daga Tokyo. Jinyar dabbobi ta zama sana'a mai lasisin gwamnati. Wanda bai ci jarrabawa ba ba zai ƙara kiran kansa ma'aikacin jinya ba, kuma ɗibar jini da irin su sai mai lasisi, da umarnin likita. Tsofaffin hannu an ba su 'yan shekaru, su saurari darussa, su ci jarrabawar share fage, sannan su shiga babbar.

Sanae ta kawo mata labarin da murna. Ta ce, "Gwaggo, lokacinku ya zo. Yanzu za a san ku ma mutane ne. Ke ai ko ido rufe za ki ci."

Michiyo ta ce, "To, Likita ƙarama." Ranar ba ta iya cin shinkafar da ta zo da ita ba.

Darussan ta saurare su a kwamfuta, kuma ba abin da ya shige mata duhu. Yawanci abubuwa ne da ta daɗe tana yi, sunayensu ne kawai ba ta sani ba. Littafin ne ya gagare ta. Ta saya, kauri kamar tubali, kullum bayan ta ba uwarta abinci ta zauna da shi da yatsanta. Uwar ta tsufa ta fara ruɗewa, takan leƙo ta ce, "Michi, har yanzu malamin nan bai sallame ku ba? Ki ce masa akwai tatsa."

Jarrabawar a Sendai aka yi, cikin kaka. Zaure ne ƙato, cike da 'yan mata sa'o'in 'yar da ba ta haifa ba. Aka raba takardu. Tambayar farko ta ɗauke ta wajen minti biyar kafin ta haɗa ta, da ta haɗa kuwa sai ta ga ta san amsar tun kafin a haifi wadda ke zaune kusa da ita. Haka ta biyu, haka ta uku. Ta kusa da ita tana juya shafi, ita tana kan na farko, gumi yana ɗiga a takardar. Da aka ce a ajiye fensir ko sulusi ba ta yi ba.

Da sakamako ya fito ta ce wa Sanae kanta ne ya yi ciwo ranar. Shekara ta zagayo ta sake komawa, ta dawo da abin da ta dawo da shi bara. Wannan karon Sanae ba ta tambaya ba, sai dai ta riƙa kallonta in ta juya baya.

Asibiti ba zai zauna ba mai lasisi ba, don haka Sanae ta ɗauko Reiko Tsukahara, bazawara 'yar shekara talatin da takwas, wadda ta ci jarrabawar tun karon farko. Reiko ba muguwa ba ce, baki ne da ita. Ranar da ta fara aiki ta tsaya gaban firam ɗin bango ta ce, "Nagakura-san, wannan ai ta zama kayan tarihi. Ni ma ina da irinta guda biyu, na shimfiɗa su a ƙarƙashin tukunyar fure."

Michiyo ta ce, "Ba ta tare wa kowa hanya ba."

Reiko ta ce, "Wasa nake. Amma ni kam na yi kuka ranar da aka yi dokar nan, kukan daɗi. Shekara goma sha biyar ina wannan aiki, tsohon mijina yana ce wa mutane wankan karnuka nake yi."

Michiyo ba ta ga laifinta ba. Ita ma ta san asibitocin da ake ba wadda ta zo jiya allura a ce ta soka. Ba ta taɓa cewa dokar ba ta da kyau ba. Aka canja mata ɗan allon sunan da take maƙalawa a ƙirji, aka rubuta mataimakiya. Ta koma riƙe dabba, Reiko tana soka allura.

Wata Talata da hantsi aka kawo wani tsohon kare da amai da zawo suka tsotse, idonsa ya faɗa. Sanae tana ɗakin tiyata, hannunta cikin cikin wata karya da haihuwa ta gagara. Ta ɗaga murya ta bayan ƙofa ta ce Reiko ta sa masa ruwa maza. Reiko ta gwada ƙafar dama, ta gwada ta hagu, ta koma ta baya. Sau huɗu, jijiya tana fashewa. Michiyo tana riƙe da karen, tana jin bugun zuciyarsa yana raguwa a tafin hannunta, babban yatsanta kuwa yana kan wurin da ya kamata.

Ta ce, "Ɗan yi sama kaɗan. Kwantar da allurar."

Reiko ta ce, "Ba na jin komai! Ba komai a nan!"

Michiyo ta karɓi allurar daga hannunta ta soka sau ɗaya. Ruwa ya fara tafiya. Mai karen, da ke tsaye a ƙofa, ya sunkuya yana ta godiya. Karen ya rayu.

Da aka zo cike takarda Reiko ta tsaya da biro a hannu. Ta ce, "Nagakura-san, ki yi haƙuri, ba zan sa sunana a abin da ban yi ba. In na sa, lasisina ne a kan layi. In na sa naki, asibitin ne."

Michiyo ta ce, "Rubuta gaskiya."

Da yamma Sanae ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Ta ce, "Gwaggo, kin ceci karen nan, na sani. Amma mutumin nan yanzu yana can yana ba da labari a gari. In maganar ta kai inda bai kamata ba, rufe mu za a yi. Kuma na san ki, muddin kina ɗakin nan, gobe ma in ta kama za ki sake."

Michiyo ta ce, "Zan sake."

Sanae ta ce, "Shi ya sa. Ki koma kanta. Kin san kowa, kowa ya san ki, ga shi ƙafafunki za su huta. Ba korarki nake ba, Gwaggo, so nake ki zauna tare da ni."

A nan ne ya kamata ta faɗa mata ba ta iya karatu ba. Amma ta dubi yarinyar da ta goya, wadda har gobe ke ganin ba abin da Gwaggo ba ta iya ba, sai ta ce, "To."

Aikin kanta duk karatu ne. Suna a kwamfuta, suna a katin dabba, suna a jikin jakar magani. Ta yi ta fama da tsoffin dabarunta. Mutanen ta san su da fuska, dabbobinsu ta san su tun suna jarirai, jakunkunan magani kuwa takan jera su yadda aka miƙo mata su, ta haddace. Wata uku tana haka, ta rame, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Bazara ta shigo, lokacin kaska da ƙuma, asibiti ya cika. Wata Asabar aka jera mata fararen jakunkunan takarda goma sha ɗaya, duk an liƙe bakinsu. Akwai ta tsohuwa Onodera, maganin ƙuma na kyanwarta Mikan, irin wanda ake ɗigawa a ƙeya. Akwai kuma ta wani maharbi mai suna Onozuka, irin wannan maganin amma na kare, mai ƙarfi, wanda in ya taɓa kyanwa guba ne. Tsohuwar ba ta zo da kanta ba, gwiwa ta hana ta, sai ta aiko surukinta, wanda Michiyo ba ta taɓa gani ba. Waya tana ƙara, wani kare ya yi fitsari a bakin ƙofa, jakunkuna sun hargitse tun da wani ya ture su da gwiwar hannu. Mutumin ya ce, "Na Onodera." Ya ƙara da cewa ya bar mota a kan hanya. Michiyo ta ɗauki jaka, ta bi haruffa biyun farko da yatsa, ta ga su ne, ta miƙa masa.

Washegari da safe aka kawo Mikan a naɗe cikin tawul, jikinta yana karkarwa, baki yana dalala, tana sandarewa tana saki. Tsohuwar ta zo da kwalin maganin a hannu. Michiyo tana ganin hoton kare a jikinsa ta san abin da ta yi. Suka wanke kyanwar, Reiko ta sa mata ruwa, Sanae ta yi duk abin da ake yi. Michiyo ta riƙe ta tun safe har la'asar ba ta zauna ba. Wajen ƙarfe huɗu ta mutu a hannunta.

Kashegari Sanae ta sa baƙaƙen kaya, suka tafi gidan tsohuwar ba da haƙuri. Suka durƙusa a bakin ƙofar ɗaki, goshinsu a tabarma. Sanae ta yi maganar da ake yi, ta ce laifin asibiti ne, ita ce da alhaki. Tsohuwar ba ta ko dube ta ba, Michiyo take kallo.

Ta ce, "Michiyo, ke kika raini kyanwar nan da kwalba lokacin da aka tsinto ta a kwata. Ke kika ce in ɗauke ta don kada in zauna ni kaɗai. Ni idona ya mutu, ban ga hoton ba, na yarda da abin da ya fito daga hannunki. Ba faɗa zan yi ba. Ki gaya mini yadda aka yi."

Michiyo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Inna, ban iya karatu ba. Tun ina yarinya. Na ga farkon sunan, ban kai ƙarshensa ba."

Tana da shekara hamsin da tara, kuma wannan ne karon farko da maganar ta fita daga bakinta. Can tsohuwar ta ce, "To me ya kai ki kanta?"

A mota Sanae ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta tayar ba. Ta ce, "Baba ya sani?"

Michiyo ta ce, "Ya sani."

Sanae ta ce, "Shi ne ƙyallayen nan da na zubar." Ta bugi sitiyarin da tafin hannu. "Kika bar ni na tura ki Sendai sau biyu. Kika bar ni na ɗora ki a kanta da hannuna! Me kika ɗauke ni, Gwaggo? Dariya zan yi miki?"

Michiyo ta ce, "Kunya na ji."

Sanae ta ce, "Kunyarki ta kashe kyanwar mutane." Tana faɗa ta rufe bakinta da hannu, ta fashe da kuka. Michiyo ba ta yi kuka ba. Ta ga gaskiya aka faɗa.

A ƙarshen watan ta ajiye aiki. Sanae ta roƙe ta ta zauna ko wankin keji ne, ta ƙi. Ta je gidan tsofaffi ta gaya wa Likita Oikawa komai. Yana zaune a keken guragu, ya saurara, bakinsa ya yi ta motsi yana neman kalma, kalmar ba ta zo ba. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya ya riƙe har aka zo kai shi cin abinci.

Da kaka ta samu aiki a rumfar da ake tantance tuffa, tana tsaye gaban bel ɗin injin da ke kawo su tana ware masu tabo. Reiko ta same ta a can wata rana lokacin hutun rana, da takardu a hannu. Ta ce, "Nagakura-san, ƙofar ba ta rufe ba tukuna. Na yi tambaya. In likita ya duba ki ya rubuta, wataƙila a ƙara miki lokaci a zauren jarrabawa. Ni zan riƙa karanta miki littafin, ai kin san bakina ba ya gajiya."

Michiyo ta karɓi takardun ta gode. Ta ce, "Ko na ci, Tsukahara-san, jikin magani ma rubutu ne. Likita ne ya rufa mini asiri, na ɗauka iyawata ce."

Reiko ta ce, "Iyawarki ce mana! Jiya ma sau uku na soki wata kyanwa ina kiran sunanki a raina."

Michiyo ta ce, "Kwantar da allurar kawai. Kina tsayar da ita da yawa."

Ba ta cike takardun ba. Uwarta ta rasu a hunturun shekarar, Likita Oikawa ya bi ta da wata biyu. A wajen jana'izarsa ta tsaya can baya, ta tafi kafin a fara gaisawa. Yanzu ita kaɗai ce a ɗakunan nan biyu na bayan kasuwa. In tuffa ta ƙare takan yi shara a gidan wanka na unguwa. Har yau mutane kan tare ta a hanya da karnukansu, su ce ya ƙi cin abinci, ko yana ɗingishi, ta ɗan duba musu. Takan tsaya ta saurara har su gama, hannuwanta a aljihun riga, sannan ta ce su kai shi wajen Likita Sanae da safe, kada su bari ya kwana biyu.